Zana Wurin Tukuna, Raga Ta Biyo Baya: Yadda Ake Gina Samfurin Ruwa Daga Taswira

Duk wanda ya zauna gaban manhajar lissafin ruwa, na ƙarƙashin ƙasa ne ko na ambaliya, hanya biyu zai tarar a gabansa. Ko dai ya fara da yanka yankin da yake nazari gida-gida ya zama raga, sannan ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu lambobi, nan kogi, nan rijiya, nan yashi, nan laka. Ko kuma ya ajiye zancen raga tukuna, ya zana wurin yadda yake a doron ƙasa: kogi da layinsa, rijiya da ɗigonta, fadama da iyakarta, ya rataya wa kowanne bayaninsa, daga baya manhaja ta raba wa gidajen raga lambobin da kanta. A kan hanya ta biyu nake ɗora duk wani ƙane da ya zo hannuna a wurin aiki, kuma ita zan bi a nan wajen gina samfuri, wato kwaikwayon tafiyar ruwan wuri a cikin kwamfuta.

Ɗauki fadama mai tsawon kilomita 6 da faɗin kilomita 4. In ka yanka ta gidaje masu mita 50 kowane gefe, ka sami gida 9,600. In ƙasar hawa biyu ce, sun zama 19,200. Ka kwana kana cika su da hannu, washegari shugaban aiki ya ce a rage girman gida zuwa mita 25 saboda rijiyoyi sun yi kusa da juna. Aikin jiya ya tafi ke nan. Wanda ya zana taswira kuwa, goge ragar zai yi, ya yanka sabuwa, ya danna umarni ɗaya. Taswira ita ce gonar da iyakokinta, raga kuwa kunya ce, kowace damina ana iya sake ta.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi a wurina. Taswira ana iya yin gardama da ita. In ka buɗe ta gaban manomin da ya girma a fadamar, zai ɗora yatsa ya ce maka wannan rafin ya daɗe da sauya hanya. Jadawalin lambobi 19,200 kuwa, ko kai da ka cika shi ba za ka gano inda kuskure ya ɓuya ba.

Manhajojin da suka yi suna da wannan salo uku ne, 'yan gida ɗaya: GMS ta ruwan ƙarƙashin ƙasa, WMS ta kwarin da ke tara ruwan sama, SMS ta koguna da gaɓar teku. Sun fito ne daga ɗakin binciken injiniyoyi na Jami'ar Brigham Young da ke Provo, jihar Utah ta Amurka, a shekarun 1990, da tallafin sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka, kuma tun 2007 kamfanin Aquaveo ke riƙe da su. Kowace tana da sashe mai suna Map, a nan zanen yake zama. Ba su ne ke warware lissafin da kansu ba, shirya bayanai suke yi su miƙa wa injin lissafi. A GMS injin da aka fi ja shi ne MODFLOW na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda ya fara fitowa a 1984, har aka kai ga MODFLOW 6 a 2017. Lasisin GMS da tsada in aka juya kuɗin zuwa naira. Wanda ba shi da hali ya ɗauki ModelMuse, kyauta ce daga USGS, kuma ita ma zane daban take ajiyewa, raga daban. Sunayen umarnin da zan ambata dai na GMS ne.

Fara da tambaya

Kafin ka kunna kwamfuta, rubuta tambayar da samfurin zai amsa a jimla ɗaya. Misalin da zan riƙe shi ne wani yanki na fadamar Kogin Haɗeja, ƙasa da Wudil, inda manoman rani ke jan ruwa daga gajerun rijiyoyin burtsatse. Tambayar: in aka ninka yawan rijiyoyin, mita nawa ruwan zai ja ƙasa kafin ƙarshen Afrilu? Ƙaramin injin ban-ruwa da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Don haka abin da manomi ke son ji shi ne ko injinsa zai ci gaba da kamawa har tumatir da albasa su nuna.

Tambayar ce ke gaya maka abin da ya cancanci shiga taswira. A wannan wuri abu biyu ba sa tsallakuwa. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa ne sama da Wudil, kuma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwan da ke cikin kogin da rani ya dogara ne da abin da aka sako daga can. Na biyu, yayin da kake gangarawa arewa maso gabas, tsohon dutsen tushe yana nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓun kwarin Cadi, kogin kuma ya koma mai shayar da ƙasa maimakon ƙasa ta shayar da shi. Ka san a wane ɓangare yankinka yake kafin ka ja layi ko ɗaya.

Ma'aunin wuri

Saita ma'aunin wuri, wato tsarin lambobin da ke nuna inda kowane abu yake a taswira, kafin ka shigo da komai. Kano da Jigawa suna cikin yanki na 32 ta arewa a tsarin UTM, mai raba duniya yanki-yanki yana awo da mita; lambar shaidarsa a manhaja EPSG 32632 ce, a kan WGS84, ma'aunin da GPS ke bi. Sakkwato da Yamai suna cikin na 31, Maiduguri na 33. Kada ka yi zane a kan digiri, domin MODFLOW mita yake so. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, kuma tsakaninsa da WGS84 akwai gociyar da kan doshi mita ɗari. Wannan ya isa ya jefa rijiya tsakiyar kogi. In ka ɗauko tsohuwar taswira, gyara mata ma'auni a manhajar taswira ta QGIS, ka ɗora ta kan hoton tauraron ɗan Adam, ka duba ko gada da mahaɗar hanya sun hau kan juna.

Zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kai: mita da kwana. Duk lambar da ta zo maka da lita a daƙiƙa ko milimita a shekara, juya ta a takarda kafin ta shiga manhaja.

Kayan zane da shimfiɗu

Kayan zanen kaɗan ne. Akwai ɗigo mai zaman kansa, na rijiya ko wurin awo. Akwai layi, na kogi, magudana ko iyaka. Kowane layi yana da ƙulli a bakinsa biyu, da gaɓoɓi a tsakani. Bambancinsu da muhimmanci: gaɓa lanƙwasa layi kawai take yi, ƙulli kuwa yana ɗaukar lamba, kamar tsayin ruwan kogi a wannan wuri. Sai fili, wato wurin da layuka suka zagaye suka rufe. Fili ba ya samuwa don kawai ido ya ga layuka sun haɗu, sai ka ba da umarnin Build Polygons. Kafin nan ka ba da umarnin Clean, wanda ke haɗe ƙullin da suka kusa taɓa juna amma ba su taɓa ba, ya yanke layukan da suka gitta juna, ya share guntayen da ke reto. In fili ya ƙi fitowa, kusan kullum wata 'yar ƙofa ce ta rage tsakanin ƙulli biyu, wadda ba ka gani sai ka matso da hoton sosai.

Ana zuba waɗannan kaya ne a shimfiɗu, kowace da aikinta, a jere a kan juna. Ga yadda nake raba su a aikin fadama:

- shimfiɗar iyaka da kogi da rijiyoyi, wato duk inda ruwa ke shiga ko fita;
- shimfiɗar ruwan da ke nutsewa ƙasa daga sama;
- shimfiɗar ruwan da rana da tsirrai ke zuƙewa;
- shimfiɗa ɗaya ga kowane hawa na ƙasa, ɗauke da saurin ratsawar ruwa;
- shimfiɗar rijiyoyin awo, wadda da ita za a gwada samfurin.

Zana iyakar waje sau ɗaya tak, sannan ka kwafe ta zuwa sauran shimfiɗun. In ka sake zana ta da hannu a kowace, za a sami gidaje a gefe da ba su faɗa cikin kowane fili ba, su tashi da sifili.

Iyaka

A nan ake cin samfuri ko a kayar da shi, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. Iyakar samfuri ba iyakar ƙaramar hukuma ba ce, ba kuma gefen takardar taswira ba ce. Dole kowane ɓangare nata ya zama abin da ruwa ya sani.

A fadamarmu gefe ɗaya kogi ne. Ɗaya gefen shi ne inda yashin fadama ya ƙare, tudu ya fara. In tudun dutse ne ko marmara mai tauri, za ka iya barin layin ba tare da ka ba shi kowane nau'i ba, MODFLOW zai ɗauke shi a matsayin bangon da ruwa ba ya ratsawa. In jigawa ce mai rairayi, ruwa na gangarowa daga can, sai ka ba layin nau'in da ke barin ruwa ya shigo gwargwadon bambancin tsayi, ko ka tura iyakar baya har zuwa ƙololuwar tudun inda ruwan ƙasa ke rabuwa biyu. Sauran gefe biyu, na sama da na ƙasa, ka ja su a miƙe daga tudu zuwa kogi, daidai da hanyar da ruwan ƙasa ke bi, kuma nesa da rijiyoyin da kake nazari.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne layin tsayayyen mataki, wanda ke riƙe ruwa a tsayi ɗaya komai aka ja. Na taɓa karɓar samfurin da wani kamfani ya yi, an zagaye yankin kaf da irin wannan layi. Rahoton ya ce ko an ƙara rijiyoyi ruwa ba zai ja ba. To ina zai ja, alhali an ba shi tafki marar ƙarewa ta kowace kusurwa? Da an bi wannan rahoto, manoma ne za su zuba kuɗinsu a rijiyoyin da za su ƙafe a tsakiyar rani. Irin wannan layi sai inda akwai ruwan da da gaske ba ya motsi, kamar babban tafki.

Hoton tauraron ɗan Adam ba ya nuna maka inda yashi ya ƙare. Ƙafa ke nunawa. Ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka nemi a haɗa ka da dattijon da ya fi daɗewa yana noma a wurin, da kuma masu haƙar rijiya. Na tambayi wani dattijo, "Baba, in kogi ya cika, ina ruwan yake tsayawa?" Ya ɗauke ni har gindin wata tsamiya, ya nuna mini zoben laka a jikinta daidai ƙugu, ya ce, "Ɗana, daga nan ba ya wucewa. Bayan bishiyar nan kuma ko ka haƙa, jar ƙasa za ka yi ta fitarwa." Wannan magana ta ba ni ɗigo biyu a taswira: iyakar ambaliya da iyakar yashi. Masu haƙa kuma za su gaya maka a bututu na nawa suke cin yashi, a na nawa suke bugun laka. Rubuta duka, tare da lambar GPS ta wurin.

Kogi

Zana kogin da layi, ka bi tsakiyar inda ruwa ke gudu da rani, ka ba shi nau'in kogi. Abu uku yake nema.

Na farko da na biyu a ƙulli ake sa su: tsayin saman ruwa da tsayin gindin kogi, duka daga matakin teku. Manhaja za ta raba lambobin a miƙe tsakanin ƙulli da ƙulli. Saboda haka duk inda gangaren kogi ya sauya, ko inda kake da awo na gaske kamar gindin gada, mayar da gaɓar wurin ta zama ƙulli ka ba ta lambarta. Kada ka ɗauko waɗannan lambobi daga bayanan tsayin ƙasa na SRTM. An auno su ne daga sararin sama a Fabrairun 2000, gidansu mita 30 ne, kuskurensu a tsaye kan kai mitoci, suna kuma hawa kan bishiya da rufin gida. A fadamar da gangarenta bai taka kara ya karya ba, wannan kuskure ya isa ya sa kogi ya gudu baya. GPS ta hannu ma haka take a wajen tsayi. A nemi mai safiyo ya zo da na'urar awon tsayi.

Na uku a jikin layin ake sa shi: yadda gindin kogi ke barin ruwa ya ratsa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. MODFLOW yana son lamba ɗaya ga kowane gida, wato saurin ratsawa sau faɗin kogi sau tsawonsa a cikin gidan, a raba da kaurin lakar gindi. Amma a taswira babu gida tukuna, don haka lambar mita ɗaya ta tsawon kogi kake bayarwa. A ce lakar gindin tana ratsuwa mita 0.5 a kwana, faɗin ruwa mita 40, kaurin lakar mita 1. Ka ninka 0.5 da 40, ka raba da 1, ka sami 20. Ita za ka rubuta. In layin ya ratsa wani gida tsawon mita 100, manhaja za ta ba gidan 2,000 da kanta, in ya ɗan gutsuri kusurwarsa mita 10, ta ba shi 200. Wanda ya rubuta 2,000 a jikin layi ya ninka kogin sau ɗari.

Gindin kogi ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Inda masu tifa ke ɗibar yashi ya zurfafa kuma ya buɗe. Inda kacala ta cika ruwa ya lafa, laka ta kwanta. Yanka layin yanki-yanki bisa abin da ka gani, kowane yanki da lambarsa.

Rijiyoyi, ruwan sama da hawan ƙasa

Kowace rijiya ɗigo ce, kuma ruwan da ake ja da alamar ragi ake rubuta shi. In ka manta alamar, ka mayar da rijiyar mai zuba ruwa cikin ƙasa. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin inji. Ka kafa durom mai lita 200 a bakin tiyo ka duba agogo, sannan ka tambayi mai lambu awa nawa yake kunnawa, kwana nawa a mako. Injin da ke ba da lita 3 a daƙiƙa, in ya yi awa 6, ya ja kubik mita 64.8 a ranar. In sau uku a mako ake kunna shi, ka ninka da 3 ka raba da 7. Inda rijiyoyi suka yi yawa suka cunkushe, tara na lambu ɗaya a ɗigo ɗaya.

Ruwan da ke nutsewa daga sama a fili ake sa shi. A matsayin mafari, in ka ɗauka ruwan shekara milimita 800 ne, kashi 10 cikin ɗari ke kaiwa ƙasa, ka sami milimita 80, wato mita 0.00022 a kwana. Lamba ce ta fara aiki, za ta motsa. Raba filin: jigawa mai rairayi ta fi shan ruwa, lakar fadama ta fi riƙe shi a sama, lambun da ake ba ruwa kuma yana mayar da wani kaso ƙasa ko da rani. A shimfiɗar zuƙewa kuma ka ba da zurfin da saiwa ke kaiwa. A fadamar da ruwa ke kusa da sama, abin da rana da tsirrai ke ɗauka a Maris da Afrilu ba ƙarami ba ne, barinsa waje na sa samfuri ya yi alkawarin ruwan da babu shi.

Ga saurin ratsawa, yashi mai gwari kan ba da gomman mitoci a kwana, laka kuwa ƙasa da santimita ɗaya. Zana filaye kaɗan, biyu ko uku a kowane hawa, kuma kowane layin da ya raba su ya kasance kana da hujjarsa daga bayanan haƙa. Saman kowane hawa da gindinsa kuma daga ɗigogin rijiyoyin da aka haƙa ake baza su. In rijiyoyi kaɗan gare ka, hawa biyu sun isa: lakar sama da yashin ƙasa.

Yanka raga

Sai yanzu. Ɗora Grid Frame, wato akwatin da ragar za ta zauna a ciki, ya rufe yankin, ka juya shi ya bi tsawon fadamar domin gidajen banza su ragu. A ɗigon manyan rijiyoyi kunna matsewa, wato ƙanƙanta gidajen raga a kusa da rijiya, ka ba da girman gida a bakin rijiya, da mafi girman da aka yarda, da yadda za su riƙa girma. Kada gida ya fi maƙwabcinsa da fiye da ninki ɗaya da rabi. Ba da umarnin Map → 3D Grid, ka buɗe sabon lissafin MODFLOW, ka kashe gidajen da ke wajen iyaka da Activate Cells in Coverage, ka baza tsayin hawa, sannan Map → MODFLOW. Kafin ka kunna injin, bari Model Checker ya duba. Abin da ya fi kamawa shi ne gindin kogi da ya faɗa ƙasa da gindin gidansa, ko hawan da gindinsa ya hau kan samansa.

Daga nan doka ɗaya ce ba na sassautawa: kada ka gyara lamba a cikin gidan raga da hannu. In wani gida ya fito ba daidai ba, koma taswira ka gyara layin ko filin da ya haife shi, ka sake turawa. Gyaran hannu yana shafewa a turawa ta gaba, in kuma bai shafe ba, ka sami samfuri biyu masu saɓa wa juna a fayil ɗaya.

Gwada shi da ruwan gaske

Shimfiɗar awo ce alƙali. Ka auna zurfin ruwa a rijiyoyi da sassafe kafin a kunna injuna, duk a cikin kwanaki kaɗan, daga alamar da ka yi da fenti a bakin bututu, wadda mai safiyo ya auna tsayinta. Zurfi daga baki ba shi ne lambar da za ka shigar ba, sai ka cire shi daga tsayin alamar. Ka ba kowane ɗigo tazarar da ka yarda da ita, a ce rabin mita. Bayan lissafi GMS za ta tsayar da sanda a kowane ɗigo: kore in samfuri ya faɗa cikin tazarar, rawaya in bai wuce ninkinta biyu ba, ja in ya wuce.

Kada ka bi jajayen ɗaya-ɗaya kana zana wa kowanne ɗan filinsa har ya koma kore. Duba yadda suka jeru. In duk na gefen tudu sun yi ƙasa, iyakar tudun ce ke da magana. In na bakin kogi ne, koma kan tsayin ruwan kogi da lakar gindinsa. Buɗe jadawalin shiga da fita kuma: bambancinsu ya zama ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, sannan ka tambayi kanka ko ruwan da kogi ke bayarwa a lissafi abu ne da kogin zai iya bayarwa a watan Maris.

Akwai tarkon da ya kamata ka sani. A lissafin da ba ya tafiya da lokaci, in ka ninka saurin ratsawa ka kuma ninka ruwan da ke shiga, tsayin ruwan zai fito kusan iri ɗaya. Sanduna kore kaɗai ba su tabbatar da komai ba. Ana buƙatar awon da zai ɗaure ɗaya daga ciki: gwajin jan ruwa a rijiya ɗaya ana auna maƙwabciyarta, ko awon gudun kogi a sama da ƙasan yankin a rana ɗaya. Manhajar PEST za ta iya nemo maka lambobi da sauri, amma a cikin filayen da ka zana mata take nema. Tambayarmu kuma ta lokaci ce, don haka bayan wannan mataki sai a raba rani wata-wata daga Nuwamba zuwa Afrilu, a ƙara lambar ajiyar ruwa ta yashi, a ba ƙullin kogi da rijiyoyi lambobin kowane wata. Ƙarin rijiyoyin da ake tambaya a kai, kwafe shimfiɗar za ka yi ka zuba su a kwafin, ta asali ta zauna yadda take.

In ruwan saman ƙasa ne

Tunanin bai sauya ba. A WMS kana shigo da bayanan tsayin ƙasa, manhaja ta lissafa inda kowane gida ke zubar da ruwansa, ka sa ɗigo a mafita, ta fitar da layukan rafi da filayen kwari. Sai ka ɗora shimfiɗar irin ƙasa da ta amfanin ƙasa, ta haɗa su ta ba kowane kwari lambar CN, wadda injin lissafi HEC-HMS ke amfani da ita wajen raba ruwan sama tsakanin mai nutsewa da mai gudu. Lambar tana da kaifi. Ruwan milimita 60 a kan CN 80 yana ba da gudun kusan milimita 20, a kan CN 90 kusan 36. Gonar da ta zama unguwa a gefen Kano cikin 'yan shekaru tana iya yin wannan tsalle, don haka zana filayen amfanin ƙasa daga sabon hoto. Taswirar ESA WorldCover mai gidan mita 10 mafari ce mai kyau, amma ka bi ta da ido.

A HEC-RAS, manhajar lissafin gudun kogi da ambaliya, wadda cibiyar injiniyoyin ruwa ta Davis a Kalifoniya ke bayarwa kyauta, lissafin shimfiɗe na fuska biyu ya shigo ne da fitowa ta 5.0 a 2016. Kana zana filin da ruwa zai iya mamayewa, da filayen kaushin ƙasa, da layukan shiga da fita. Tashar yashi mai tsabta tana ɗaukar lambar kaushi ta Manning wajen 0.03, inda kacala ta toshe kuwa tana iya haura 0.1. Ka ja layin karya raga, wato layin da gefen gidaje ke bi dole, a kan kowace hanyar mota da kowane bangon kare ambaliya, domin gefen gidaje su hau kan tudun, in ba haka ba ruwa zai tsallake shi a lissafi.

Abin da bayanan tsayin ƙasa ba sa gani ko kaɗan shi ne kwalbati. Daga sama hanyar mota bango ce rufaffiya, sai manhaja ta tara tafki a bayanta ko ta karkatar da rafin zuwa wani kwari. Bi hanyar da ƙafa ko a babur, ka tsaya a kowane kwalbati, ka ɗauki lambar GPS, ka auna faɗi da tsayin bakinsa da tef, ka rubuta ko bututu ne ko akwati da yawan bakunansa. Ka leƙa ciki kuma ka auna inda yashi da leda suka kai. A samfurin ka yi lissafi biyu, ɗaya da bakin a buɗe yadda aka gina shi, ɗaya da girman da ka tarar ranar awo, ka miƙa wa masu aikin hanya duka biyun tare da shimfiɗar kwalbatocin da lambar EPSG ɗinta.